Masu tayil ɗin ƙayar kifi a Legas, ya kuka ƙare da shi?

Maman Hanan, Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa. Muna gyaran falo, maigida ya bar mini zaɓen tayil. Raina ya kwanta da dogayen nan masu kalar katako da ake jerawa ƙayar kifi, kowanne ya kafa kansa a gefen ɗan uwansa. Mai tayil ɗin da aka kawo mana ya ce ɓarnar kuɗi ce, a yi miƙaƙƙe a huta. Falon mita 4 ne da 5. Don Allah wanda ya taɓa yi a gidansa ya faɗa mini gaskiya, kada in ja wa bawan Allah asara.

Alhaji Sani, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Na yi a falona, kuma ko gobe aka ce in sake zan sake. Amma batun ɓarna mai tayil ɗinki bai yi ƙarya ba. Jeren yana haɗuwa da bango a karkace, don haka duk wanda ya kai bango sai an yanke shi, guntayen kuma ba duka ke shiga wani wuri ba. A miƙaƙƙen aiki ana ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awo, a wannan ki ƙara 15, in falon yana da lungu ki kai 20. Naki murabba'in mita 20 ne, ki sayi na 23 ko 24.

A kasuwar Odunade ta Orile-Coker na sayi nawa. Ki sa a buɗe kwalaye a gabanki, ki duba lambar da ke jikin kowane kwali ta zama ɗaya. Suna ɗaya, kamfani ɗaya, amma in ba tare aka gasa su a kamfanin ba sai kala ta ɗan sha bamban, a shago ba za ki gani ba sai an shimfiɗa rana ta haska. Ki kuma ajiye kwali guda a sito saboda gaba, don irin da ake yayi bana baɗi sai ki neme shi ki rasa.

Bashir mai tayil, Mile 12:
Hajiya, wannan sana'ata ce, bari in ɗan tsawaita. Da yawa daga cikinmu in muka ce aiki ɓarna ne, ma'anarsa hannunmu bai faɗa da shi ba. Ban ce naki haka yake ba, amma ki tambaye shi ina ya taɓa yi, ki je ki gani da idonki, ki taka da ƙafa babu takalmi. Hoton waya kowa yana da shi.

Abin da ke kashe aikin nan daɓe ne. Tayil mai santimita 20 da 120 dogo ne, kuma wurin gashi yakan ɗan yi doro a tsakiya. A ƙayar kifi kan wani ne ke dafa jikin wani, to in daɓen yana da tudu da kwari, ga kuma doron, sai baki ya ɗaga, yaro ya yi tuntuɓe, tsintsiya ta riƙa maƙalewa. Tun a shago ki ɗauki biyu ki haɗa su fuska da fuska. In tsakiya ta haɗu bakunan suna rawa, doron ya yi yawa, ki bar shi. Wanda daɓensa bai gama daidaita ba na fi ba shi shawarar mai 15 da 60, ya fi haƙuri.

Sannan ba a farawa daga bango. Bangon gidajen nan namu kaɗan ne ke tafiya daidai, wanda ya bi shi kafin ya kai ƙofa jeren ya gudu. Ana ja zare ne ta tsakiyar ɗaki, a jera layi biyu ko uku a bushe babu gam, mai gida ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya duba, in ya yarda sannan a kwaɓa. Kuskuren milimita 1 a layin farko, in ya bi tayil ashirin ya zama abin da baƙo zai gani daga shigowa. Gam ɗin tayil nake sawa, a ƙasa da kuma bayan tayil ɗin, da 'yan robobin nan masu matse baki biyu su zauna daidai. Siminti zalla ba ya kama fosilin, wato irin wannan tayil ɗin, yadda ya kamata saboda fosilin ɗin ba ya shan ruwa, shi ne bayan an kwana biyu za ki ƙwanƙwasa ki ji ƙarar rami.

Abu Khalid, Apapa:
Ni fa ina tare da mai tayil ɗin Maman Hanan. Falon Bahaushe me ake gani a ƙasansa? Kujeru sun zagaye bango, kafet a tsakiya, tebur a kan kafet. An biya kuɗin aiki na musamman an rufe shi. Ni a baranda da bangon kicin kawai na yi, falo na sa 60 da 60 na wuce wurin.

Hajiya Rabi, Ajah:
Abu Khalid, ba kowa ke sa kafet a Legas ba, da damshin nan kafet wari yake yi. Ni na naɗe nawa tuni.

Ƙanwata, abin da maza ba za su faɗa miki ba shi ne shara. Jeren nan tsagoginsa sun fi na manyan tayil yawa nesa ba kusa ba, kuma kowace tsaga ma'ajiyar datti ce. Ma'aikacin da ya yi mana ɗakin farko farin siminti ya cike da shi ba tare da ya tambayi kowa ba. Ranar da ya gama kamar a lasa. Damina ɗaya yara suka yi ta shigowa da taɓo, layukan suka koma ruwan toka, wani wuri baƙi, wani wuri fari. A ɗaki na biyu na tsaya a kansa sai da ya nemo ciko mai kalar tayil ɗin, har yau ba na wahala da shi. Kuma ki guji mai sheƙi, ƙafar da ta fito daga alwala ba ta da tabbas a kansa.

Mu nan ruwa a kusa yake, daɓe ba ya bushewa da wuri. In sabon daɓe za a zuba miki ki bar shi ya sha iska sosai, kada gaggawar biki ko Sallah ta sa a rufe shi da danshi.

Maman Hanan, Agege:
Allah ya saka da alheri. Yaya Rabi, batun cikon nan ko a raina bai zo ba. Malam Bashir, ta ina ya kamata kan jeren ya fuskanta? Kuma kuɗin aikin ɗaya ne da na miƙaƙƙe?

Bashir mai tayil, Mile 12:
Ba ɗaya ba ne Hajiya, ya fi tsada, yanka ya fi yawa kuma hannu ba ya sauri. Wanda ya ce zai yi miki a kuɗin miƙaƙƙe ki ji tsoronsa. Ku yi ciniki a kan murabba'in mita, a faɗi ko siketin, wato tayil ɗin gindin bango, yana ciki tun kafin a fara. Kan jeren kuma ya bi tsawon falon, wato ɓangaren mita 5, in ƙofar shigowa tana wannan layin ya fi kyau. Ki tabbatar akwai janareta ranar yankan gefe, giranda ba ta jiran NEPA. A rufe ƙofofin ɗakuna da leda kuma, ƙurar fosilin har cikin tukunya take shiga.