Muhawara Kan Man Kanumfari a Zauren 'Yan Ƙauyenmu

Mai Injin Niƙa: Assalamu alaikum. Ina da ƙorafin da nake so manya su ji. Uwargidana ta kwana da ciwon haƙori, ranar kasuwa na sayo mata ƙaramar kwalbar man kanumfari a wurin masu tallan magani da lasifika a bayan mota, aka ce a jiƙa auduga a danna a kan haƙorin. Ciwon ya lafa na ɗan lokaci, amma da gari ya waye dasashinta ya yi fari ya saɓule, ko koko ba ta iya sha sai ya huce sarai. Kwalbar ba ta da lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, babu bayanin yadda ake amfani da ita, mai motar kuma ya kama gabansa. Wannan maganin gargajiya da ake yayi cuta ce tsagwaronta, kuma ina roƙon Mai Unguwa ya hana sayar da shi a kasuwarmu.

Mai Kayan Yaji: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Amma ƙanena, ka janye kalmar gargajiya, domin ka shafa mana kashin kaji. Gargajiyarmu ita ce ƙwayar kanumfari da iyayenmu mata suke dakawa tare da citta da masoro da kimba a zuba a kunu ko a yajin mai jego, ko mai ciwon haƙori ya ɗora ƙwaya ɗaya a kai ya danne. Man kwalba kuwa na kamfani ne, kakanninmu ba su san shi ba.

Malamin Firamare: Alhaji, da girmanka, ita kanta ƙwayar ba tamu ba ce. Daga Ringim har Haɗeja babu gonar da ake shuka itacen kanumfari. Asalinsa tsibiran Maluku ne na Indonesiya, daga baya aka kai shi Zanzibar da Pemba da Madagaska, kuma abin da muke dakawa toho ne na furen itacen, wanda ake cirewa a shanya kafin ya buɗe. Abin da fatake suka kawo mana ta yaya zai zama gargajiyarmu?

Mai Kayan Yaji: Malam, goro ma daga Gwanja da ƙasar Yarbawa aka riƙa kawo shi, amma ka gwada kai kuɗin aure ba tare da shi ba, ka ji abin da dattawa za su kira ka. Abin da aka gada kaka da kakanni shi ne gargajiya, ko daga ina ya taso.

Malamin Firamare: Idan haka ne, nan da shekara hamsin jikokinmu za su kira man kwalbar ma gargajiya, sai mu haƙura tun yanzu.

Inna Ungozoma: 'Ya'yana, ku bar gardamar suna ku saurare ni. A gidajen da nake shiga na ga masu shafa wa jarirai wannan mai a dasashi lokacin fitar haƙori, na ga kuma matan da suke ɗiga shi a ruwan tsarki wai maganin sanyi, su zo mini da ƙuna a wurin da ba a iya nunawa. Don Allah ku faɗa wa matanku su bari.

Ma'aikacin Lafiya: Inna ta yi gaskiya. Da turiri ake tace wannan mai, shi ya sa ƙarfinsa ya fi na ƙwayar nesa ba kusa ba, kuma kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari nasa wani sinadari ne mai suna eugenol, wanda yake kashe zafi ta hanyar sa wurin ya yi sanyi kamar ba naka ba. Likitocin haƙori da kansu suna kwaɓa shi da wani farin gari mai suna zinc oxide su toshe ramin haƙori na wucin gadi, saboda haka ba a ce ba shi da amfani ba. Sai dai zallansa yana ƙona dasashi da fata, dole a tsinka ɗigo kaɗan a cikin man zaitun ko man kwakwa, kuma kashe zafi kawai yake yi, ramin yana nan yana ci. An samu ƙananan yara da suka haɗiye mililita 5 zuwa 10, wato ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu, hantarsu ta taɓu, wasu har da jijjiga. Yana kuma rage daskarewar jini, don haka mai shan maganin tsinka jini ko mai shirin tiyata ya nisance shi.

Ɗan Mai Kayan Yaji: Yaya, duk mun san kana da kemis a bakin tasha. Kwalbar nan da ta shigo gari cinikin ƙwayoyin ciwon haƙori ya ragu, shi ne ka zo mana da Turanci. Kuma asibitin da kake turo mutane ba shi da likitan haƙori, sai mutum ya biya kuɗin mota zuwa birni. Talakan da haƙori ya hana barci da tsakar dare, me kake so ya yi?

Ma'aikacin Lafiya: Ƙanena, ban ambaci kemis ba, kuma ban soki sana'ar Baba ba. Kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri kyauta ne, ba a kemis ake sayar da shi ba.

Ɗalibin Tsangaya: Ni a ganina ba na gargajiya ba ne kuma ba na kamfani ba ne, maganin Musulunci ne, domin a shagunan da ake sayar da habbatus sauda ake samunsa.

Na'ibin Liman: Ɗana, zama a shago ɗaya ba ya mai da abu sunna. Zuma ta zo a Alƙur'ani, habbatus sauda ta zo a hadisi ingantacce, wanda ya ce kanumfari ma haka yake sai ya kawo hujjarsa, kada a jingina wa addini tallan kasuwa.

Malamin Firamare: Allah ya gafarta Malam, ka ga ke nan maganata ta fito, ba namu ba ne ta kowace fuska.

Mai Kayan Yaji: Ba haka Malam ya ce ba, kada ka sa masa magana a baki.

Mai Injin Niƙa: Jama'a, ni fa tambayata ita ce a hana mai motar nan ko a bar shi, har yanzu babu wanda ya amsa, kuma jibi kasuwa.

Shugaban Zaure: To, an tattauna sosai, bari in taƙaita. Ni mahaifina a Kasuwar Kurmi ya yi sana'ar kayan ƙamshi har ya tsufa, saboda haka na san abin da nake faɗa. An tabbatar cewa kanumfari gargajiyarmu ne, tun da har ma'aikacin lafiyarmu ya yarda likitocin haƙori suna aiki da shi. Tarihin da Malamin Firamare ya kawo ya fi dacewa da aji, kuma ya kamata matasa su riƙa tauna magana kafin su ja da dattawa. Abin da ya sami iyalin ɗan'uwanmu kuskuren awo ne, Allah ya kiyaye gaba. Batun mai mota za a duba shi wani lokaci idan Mai Unguwa ya dawo daga Dutse. Mai buƙatar ƙwayar kanumfari mai kyau ya nemi Alhaji a rumfarsa, sabon kaya ya iso daga Kano. An rufe wannan magana.