Harafin S da ke kan galan ɗin maganin ciyawa: me yake nufi?

Mai shagon kayan noma, Kura:
Assalamu alaikum. Ina sayar da taki da maganin feshi, kuma manoman masara suna yawan tambayata bambancin da ke tsakanin galan ɗin da aka rubuta metolachlor da wanda aka rubuta S-metolachlor, domin na biyun ya fi tsada, alhali adadin da takardarsa ta ce a zuba a famfon feshi bai kai na farkon ba. Shin wannan harafin dabarar 'yan kasuwa ce kawai, ko akwai wani abu a ƙarƙashinsa?

Malamin sinadarai, Ringim:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Harafin ba ado ba ne. Akwai ƙwayoyin sinadarai da ake samu iri biyu, kayan gininsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, amma tsarinsu ya saɓa kamar hannun dama da na hagu, kuma masana suna kiran ɗaya S, ɗayan kuma R. Sinadaran da ke gudanar da aiki a jikin tsiro da dabba su ma masu ɓangare ne, saboda haka sukan karɓi ɗaya su ƙi ɗayan, kamar yadda musabaha ba ta zama daidai sai dama ta haɗu da dama. A metolachlor, kusan dukkan ƙarfin hana ciyawa tsirowa yana ga ɓangaren S.

Matsalar ita ce, idan aka haɗa sinadarin ta hanyar da aka saba, rabi yakan fito S, rabi R. Haka aka riƙa sayar da shi tun daga shekarun 1970, manomi yana biyan kuɗin rabin da ba ya yi masa wani aikin kirki. Kamfanin Ciba-Geigy na ƙasar Suwizalan ya shafe fiye da shekara goma yana neman katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwa ba tare da shi kansa ya ƙare ba, wanda zai karkata aikin zuwa ɓangare ɗaya. Daga ƙarshe suka dace da ƙarfen iridiyom da aka lulluɓe da wani sinadari mai ɓangare, ta yadda iskar haidirojin da ake ƙarawa wajen haɗin za ta fi samun hanyar shiga ta fuska ɗaya. An fara sarrafa S-metolachlor ta wannan hanya a 1996, kuma ƙwayar katalis ɗaya tana iya juya ƙwayoyi sama da miliyan ɗaya. Abin da ke fitowa kusan kashi 90 cikin 100 S ne, shi ya sa aka rage adadin da ake fesawa da kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Mai shagon kayan noma, Kura:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. To me ya hana a haɗa gaba ɗaya, sannan a tsince mai amfanin?

Malamin sinadarai, Ringim:
Ana yin hakan a wasu lokuta. Louis Pasteur ya yi shi a Faransa a 1848, inda ya tsince ƙwayoyin gishirin tsamin tatarik ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki; wannan tsamin, don ƙarin bayani, yana cikin tsamiyar da muke kunu da ita. Amma ɓangarorin biyu suna narkewa da tafasa a zafi ɗaya, saboda haka raba su yana da wuya, kuma bayan an sha wahalar sai a zubar da rabin kayan. Ga masana'antar da ke fitar da fiye da tan 10,000 a shekara, wannan asara ce da ba za a iya ɗauka ba.

Mai harhaɗa magunguna, Hadejiya:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara cewa a fannin maganin mutane aka fara cin gajiyar dabarar katalis mai karkata aiki zuwa ɓangare ɗaya. William Knowles na kamfanin Monsanto a Amurka ya yi amfani da ƙarfen rodiyom wajen haɗa L-DOPA, maganin ciwon karkarwar jiki na Parkinson, kuma shi da Ryoji Noyori na Japan da Barry Sharpless suka karɓi lambar yabo ta Nobel a 2001. A 2021 an ba Benjamin List da David MacMillan wannan lambar saboda sun nuna tun 2000 cewa ƙananan sinadarai marasa ƙarfe, irin su purolin, suna iya yin aikin, wanda hakan ya rage dogaro da ƙarafa masu tsada.

Tsaftar kashi 90 da ta wadatar a gona ba ta isa a maganin mutane ba, domin ɓangaren da ba a so yana iya cutarwa. Ana yawan kafa hujja da talidomaid, maganin da mata masu ciki suka riƙa sha, wanda aka janye daga kasuwa a 1961 bayan an haifi dubban jarirai da nakasa, amma a ganina misalin yana buƙatar gyara: a cikin jiki ɓangarorinsa biyu suna rikiɗewa zuwa juna, saboda haka ko da an ba da mai tsafta, da ba a tsira ba. Kuma kada a ɗauka S ne mai amfani a kowane lokaci. A metalaxyl-M, wanda ake sa wa iri kafin shuka, ɓangaren R ne ke kashe cutar.

Malamin gona, Bunkure:
Alhaji, abin da ya shafi shagonka kai tsaye shi ne awo. Manomin da ya saba da tsohon magani, idan ya zuba sabon da murfin da ya saba aunawa, ya wuce ƙima, ya yi asarar kuɗi, kuma yana iya taɓa amfanin gonar. Wanda ya auna tsohon da ma'aunin sabon kuwa ciyawa za ta fito masa kafin masara ta rufe ƙasa. Ka riƙa lissafa musu farashi bisa kadadar da galan zai rufe, ba bisa lita ba, ka kuma tunatar da su cewa ana fesa shi ne a ƙasa mai laima kafin ciyawa ta tsiro.