An kama ƙanena a gefen layin dogo, me doka ta ce?

Yayar Yaro: Assalamu alaikum. Don Allah masana shari'a ku taimaka min. Ƙanena ɗan shekara 19, jari-bola yake yi. Shekaranjiya aka kama shi a gefen layin dogo a nan Sharaɗa, Kano, da kusoshin diga shida a buhunsa. Ya rantse min cikin ciyawa ya tsince su, duk sun yi tsatsa. An ce za a tuhume shi da shiga wuri ba izini da kuma ɓarna. To layin da kowa ke tsallakawa safe da yamma, ta yaya ya zama shiga ba izini? Umma ko abinci ta kasa ci.

Lauyan Unguwa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsallaka layi kawai bai kai laifin shiga wuri ba izini da aka ce za a tuhume shi da shi ba. Sashe na 342 na dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka na jihohin Arewa, ya ce sai an shiga da niyyar aikata laifi, ko tsoratarwa, cin mutunci ko muzguna wa mai wurin. Hukuncinsa a sashe na 348 bai wuce ɗaurin shekara 1 ba, ko tara, ko duka biyun. Ni abin da ya dame ni shi ne kusoshin nan. Ɓarna tana kai wa shekara 2, in kuwa aka mai da ita sata, sashe na 287 ya ce har shekara 5. An samu sifana ko guduma a hannunsa? Wannan tambayar ce za ta raba gardama. Kada ya amsa laifi don ya gaji da zama. Ku nemi lauya, in babu hali ku je hukumar ba da agajin shari'a, kyauta ne.

Tsohon Ma'aikacin Jirgi: 'Yata, Allah ya fitar da shi. Amma ku sani, ƙarfen diga ko ya yi tsatsa kayan Hukumar Jiragen Ƙasa ne. Kusoshin nan su ke riƙe dogo a kan katako, in aka zare kaɗan a kwana, tarago na iya gocewa da mutane. Tun 1911 jirgi ke shigowa Kano, ina ganin yadda ake kwashe layin sai zuciyata ta yi ƙuna. Masu saye a kilo ya kamata a fara bi.

Yayar Yaro: Na gode, Baba. Barista, ba a same shi da komai ba sai buhu da maganaɗisu. Gobe za a kai shi kotun majistare, kawunmu ya yarda zai tsaya masa beli.