Babur mai cc 400 don zirga-zirgar Kebbi: wanne zan saya, me zan fara ɗaura masa?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani kafin in biya kuɗi. Aiki yana yawan kai ni Argungu da Birnin Kebbi daga Sakkwato, wani lokacin har Jega, shi ya sa nake son babur da ya fi na kabu-kabu ƙarfi. Biyu ne a gabana: sabon Bajaj Dominar 400 da wani dila zai kawo min daga Legas, ko Honda CB500X ɗan Kwatano. Wanne ya fi jure zafinmu da ƙura? Waɗanne kaya zan fara ɗaura masa? In kuma sabon na ɗauka, zan iya kama hanyar Kebbi da shi tun makon farko?

Kabu-kabun Kwannawa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, mi za ya kai ka ga wagga wahala? Sayi Boxer 150 ka huta. Ko a Yabo ya tsaya maka, yaron bakanike zai tada shi a gindin bishiya, kayansa kuma ko'ina akwai su. Kuɗin wancan guda sai su saya maka Boxer huɗu.

Direban Illela: Huɗu ina? In ka haɗa kuɗin ɗauko shi daga Legas da lamba da inshora, ya kusa shida.

Kabu-kabun Kwannawa: Huɗu anka faɗa min a kasuwa.

Direban Illela: Wanda ya faɗa maka farashin bara ya riƙe. Kayan da ake shigowa da su dala suke bi, yau daban gobe daban.

Malamin Fizis: Ku bari a amsa wa bawan Allah tambayarsa. Malam, Dominar silinda ɗaya ne, cc 373, giya shida, tankinsa lita 13. CB500X silinda biyu ne, cc 471, tankinsa ya haura lita 17, kuma ya fi rashin jijjiga a doguwar hanya. Dukansu da ruwa suke sanyaya inji, wato suna da lagireto da fanka, dukansu kuma injekta ne, wato na'urar lantarki ce ke fesa wa inji mai, ba kabireto ba. Sakkwato zuwa Birnin Kebbi kusan kilomita 150 ne. Idan Dominar na ba ka kilomita 25 zuwa 30 a lita, tanki ɗaya zai kai ka ya dawo da kai amma da ƙyar, don haka ka riƙa cikawa a gidan mai a can kafin ka juyo. Batun makon farko, za ka iya tafiya, sharaɗin shi ne kada ka kafe a gudu ɗaya na tsawon sa'a. Ka riƙa hawa kana sauka, kada ka ƙure totur, ka tsaya Argungu ya huce. Juyen baƙin mai na farko tsakanin kilomita 500 da 1000, ka bi abin da littafinsa ya ce, a canza har da filta, domin garin ƙarfen sabon inji a nan yake taruwa.

Bakaniken Manyan Babura: Malam ya faɗi gaskiya, amma ya tsallake abin da ke kashe waɗannan babura a ƙasar nan. Ba zafi ba ne, fetur ne da hannun da bai san su ba. Akwai wani babur da aka turo min a bayan akori-kura, sabo fil, ko ledar kujera ba a cire ba. Ba zan faɗi kamfani ko dila ba. Mai shi ya sha mai wajen 'yan bumburutu a hanya, man da ruwa da yashi a ƙasan galan. Kabireto zai haƙura da wannan, a kwance a wanke a wuce. Injekta ba ya haƙuri. Famfon da ke cikin tanki ya fara kuka, babur ya riƙa shaƙewa in an ja totur, sai ya mutu. Aka tura shi wajen bakaniken bakin hanya. Shi kuma da bai ga kabireto ba sai ya hau yanke wayoyi yana haɗa su kai tsaye da batir, wai yana neman wuta. Nan take ya ƙona ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa mai da wuta. Da aka koma wa dila, ya ce an taɓa waya, garanti ya faɗi. Aka yi odar ƙwaƙwalwa, aka jira wata da watanni, da ta iso ba ta dace da shekarar babur ɗin ba. Yana nan jingine a garejina ƙura ta rufe shi, tayoyin sun tsattsage saboda rana, batir ya mutu, mai shi kuma yana biyan bashin da ya saye shi da shi. In ya zo dubawa ba ya iya daɗewa a wurin. Abin da ya jawo duk wannan, man lita biyu ne.

Baban 'Yan Biyu: Innalillahi. To ba a iya mayar da shi kabireto?

Bakaniken Manyan Babura: Ana gwadawa, amma abin da za ka samu ba shi ne babur ɗin da ka saya ba. Mita ta daina aiki daidai, fanka ba ta tashi kan lokaci, a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 kuwa inji ya dahu kafin ka kai Bodinga.

Kabu-kabun Kwannawa: To kun ji. Abin da ni ce tun farko ke nan.

Malamin Fizis: Ba abin da ka ce ke nan ba. Labarin ya nuna a guji bumburutu da bakaniken da bai san injekta ba, bai nuna babur ɗin ba shi da kyau ba.

Kabu-kabun Kwannawa: Malam, da girmanka, kai a littafi kake hawan babur. Mu da muke kan titi tun asuba har isha'i mu munka san abin da hanya ke yi wa ƙarfe.

Malamin Fizis: Titin cikin gari daban, kilomita 150 a jere daban. Boxer a gudun 90 yana iyakar ƙarfinsa, babban babur kuwa ko rabin ƙarfinsa bai kai ba.

Direban Illela: Ni dai maganar mai gareji na ɗauka, shi ke ganin cikinsu. Ƙari ɗaya, kada ka dogara da ɗaukar mai a jarka. A 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro, kuma har yanzu babur da jarka a baya yana jawo tambayoyi a shinge. Ɗan Kwatanon nan kuma, kada ka ba da ko sisi sai ka ga takardar kwastan, ka gwada lambar da ke jikinta da wadda aka buga a wuyan firam. Ka nemi lasisinka na babur, aji A. Tafiyar dare kuwa ka manta da ita.

Mai Walda: Batun kaya da ya tambaya ba wanda ya taɓa. Na farko ƙarfen kare inji, domin waɗannan babura sun kusa kilo 200, in ya kife ko a tsaye ne lagireto ko murfin inji ke fashewa. A ɗaure shi da noti a mazaunin inji. Kada ka yarda kowa ya yi walda a jikin firam, in kuma dole a kusanto da wuta, a cire kan batir tukuna. Na biyu raga a gaban lagireto saboda tsakuwar da tirela ke watsowa. Ina haɗa ƙarfen da bututu mai kauri a dubu 30.

Direban Illela: Dubu 30? An ce min na kamfani dubu 85.

Mai Walda: Na kamfanin da ake kawowa kasuwa sirara ne, da hannu kake lanƙwasa wasu.

Bakaniken Manyan Babura: Wanda ya cika kauri ma yana da illa. In an faɗi da gudu ba ya lanƙwashewa, sai ya tura bugun ga mazaunin inji ya tsaga shi. Gara ƙarfen dubu 30 ya lalace da inji ya tsage. Fitilun ƙari kuma a bi da su ta rile da fis nasu daban, kada a jona su a wayar babbar fitila. Cajar waya ma haka, ta ɗauki wuta bayan makulli don kada ta shanye batir cikin dare. Akwatin baya kada ya wuce kayan sawa da takardu. Nauyi a bayan tayar baya yana sa gaba ya yi sako-sako, kan babur ya fara rawa a gudu. Kaya masu nauyi a jakunkunan gefe, a raba daidai. Tayoyinsu ba su da tib, saboda haka ka riƙe igiyar faci da ƙaramin famfo, ka auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. Hular kwano mai rufe haɓa da safar hannu, su ne kafin duk abin da na lissafa.

Baban 'Yan Biyu: Ni tambayata ɗaya. Rago nawa yake ɗauka daga kasuwar Achida? In bai ɗaukar uwargida da buhun gero, ku ce masa ado zai saya.

Mai Walda: Baba, kawo naka in yi masa kariyar ɗaukar kaya har tinkiya ta samu wuri.

Malamin Fizis: Ƙura fa, a hunturu filtar iska ta takarda ba ta kai wa'adin da aka rubuta. A riƙa dubawa, kada a wanke ta da fetur, canzawa ake yi. Sarƙa mai zoben roba ce, da kananzir ake wanke ta, a shafa mata man sarƙa duk kilomita 500, sakinta ya tsaya yadda littafin babur ɗin ya ce. Tsohon baƙin mai da ake zuba wa ta kabu-kabu yashi yake kamawa ya cinye haƙoran gaba da baya. Baƙin man inji kuma sai mai rubutun JASO MA2, alamar man da aka yi don babur. Na mota yana sa kuloci santsi, tunda a cikin mai yake wanka.

Bakaniken Manyan Babura: In ka samu na gaskiyar ke nan. Rubutun jikin roba ya daina zama shaida. Ana bi gareji-gareji ana sayen robobin da aka juye, a cika su da man durom, a manne murfi. Ka ɗiga shi a yatsa, na jabu ruwa-ruwa ne, wani har warin gas yake. Bayan ɗan gudu sai inji ya fara ƙara daga sama, giya ta yi tauri. Duk robar da aka juye maka, ka huda ta da wuƙa kafin ka bar wurin.

Kabu-kabun Kwannawa: Nan kam mun haɗu. Mu abin ya fi ci, da muke juye kowane mako. Ringi ya ƙone, babur ya kama hayaƙi, a ce kai ne ba ka kula ba. Kuma kuɗin na gaske kake biya.

Direban Illela: Ba babur kaɗai ba, mu ma masu mota haka. Har fulogi da takalmin birki yanzu sai ka rantse na asali ne.

Ɗan Mabera: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Amma har yanzu ban ji ba, sabon ko ɗan Kwatanon?

Mai Walda: Oga bakanike, wane shago kake sayen naka man? Turo min ta waya, kada a ce talla muke yi.