"An yi" ko "mun yi" a rubutun kimiyya da fasaha?

Wata gardama ce ta taso kan rahoton gwaji: a rubuta "an tafasa ruwan a digiri 100" ko "mun tafasa"? Yawancin masu gardamar sun yarda cewa a sashen da ake bayyana yadda gwaji ya gudana, ɓoye mai aikin ba laifi ba ne. Mai karatu ruwan ne ya dame shi, ba hannun da ya kunna wuta ba.

Inda aka ja kunne sosai shi ne littafin umarni da rahoton haɗari. Idan aka rubuta "za a kashe injin kafin a buɗe murfi", to wa zai kashe, ma'aikaci ko na'urar da kanta? Gara a ce "kashe injin". Haka nan "an yi kuskure a lissafi": sau da yawa wannan "an" ɗin mafaka ce ta mai gudun ɗaukar laifi.

Wani ya tunatar cewa mujallar kimiyya ta Nature ta fi son a ambaci mai aikin, kuma maƙalar masana kimiyya Watson da Crick ta 1953 kan DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, da "We", wato "mu", ta fara. Ni dai a Hausa na fi tsoron "an", don gajeriya ce, tana sulalewa cikin jimla ba a ankara ba.