Neman asalin kakanmu a Agege

Ɗan Zango: Salam 'yan uwa. Kakanmu fataucin goro ya kawo shi Agege, nan ya rasu, hotonsa ɗaya kawai muke da shi kuma kowa cewa yake daga Kano ya zo amma wane gari? Don Allah ta ina zan fara, abin na damuna wallahi.

Maman Hafsa: Allah ya jiƙansa. Duba hoton sosai, in akwai zane a fuskarsa ka nuna wa tsofaffi, da yawa za su gane zanen wane yanki ne.

Alhaji Obalende: Yaro je ka fadar Sarkin Hausawan Agege, ka tambayi gidan wane fatoma ya sauka. Baƙo wurin mutanen garinsu yake sauka.

Ɗan Zango: Na gode Baba. Gwaggona na Idi-Araba, ranar Juma'a zan kai mata hoton in ɗauki muryarta a waya.