Winda ko moto, wanne zan saya wa Canon AE-1 Program ɗina?

Ɗan Gangare:
Salam 'yan uwa. Akwai wata kyamarar fim Canon AE-1 Program da na gada wajen kawuna, shi da ya yi sana'ar hoto nan wajen Terminus a Jos shekaru aru-aru, kuma wallahi har yanzu ras take. Matsalata ita ce duk hoto ɗaya sai na cire ido na ja fim da babban yatsa, kafin in mayar da ido abin da nake son ɗauka ya wuce. Ina so in je filin polo in gwada ɗaukar dawakai, ga bikin abokina yana tafe. Wani a Legas ya ce yana da Power Winder A2 (winda) da Motor Drive MA (moto), na'urorin da ake ɗaura wa kyamara su riƙa ja mata fim da kansu, duk na hannu, amma moton kuɗinsa ya kusa ninka na windan. Don Allah masu sani wanne ya fi?

Baba Mai Hoto:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai ka yi lissafin nan. Fim ɗaya hoto 36 ne. Moto MA a jikin kyamararka yana cin hoto 4 a daƙiƙa ɗaya, wato ka ɗora yatsa ka ɗan shagala da kallon doki, daƙiƙa 9 fim ya ƙare ƙaf. Da can da Kodak Gold ke ko'ina a gari kuma ga wajen wankin hoto a kowace kwana ba mu damu ba, yanzu fa? Sai ka yi oda, ka jira, ka gama ɗauka kuma ka aika wani gari a wanke maka.

Winda hoto 2 yake yi a daƙiƙa, kuma ni a ganina ba gudun ba ne amfaninsa, amfaninsa idonka ba zai bar kyamara ba, kana dannawa ya ja maka fim ya shirya na gaba, kai dai ka bi amarya da ido kawai. Wannan shi ne ciwonka ai, ba sauri ba. Sannan batir 4 yake ci irin na agogon bango, shi kuwa moto 12 zai haɗiye. Ka rataya wannan a wuya tun daga ɗaurin aure har dina ka ga yadda za ka kwana.

Sista Rayfield:
Baba ya gama magana gaskiya. Abin da zan ƙara, ka ce mai kayan ya buɗe gidan batir ya turo maka bidiyo, don yawancinsu an jefa su a akwati da batir a ciki shekara talatin, ruwan batir ya zubo ya ci ƙarafunan. Nawa haka ya zo, fari-fari da kore-kore, sai da na bi shi da tsinken goge kunne da ruwan lemun tsami kafin ya tashi. In ya ci wayoyin ciki kam ka haƙura kawai.

Oga Nikon:
Ni dai ban yarda gaba ɗaya ba Baba, a gafarce ni. Polo ya ce fa. Doki a guje, sanda ta sauka kan ƙwallo, hoto 2 a daƙiƙa ai kafin na biyu an bar wajen. Ni kyamarar Nikon FM2 nake riƙewa da motonta MD-12, batir 8, yana ba ni hoto 3 da ɗoriya, kuma marikin nan nasa yana sa kyamara ta zauna daram a hannu in ka ɗaura dogon lens. Ba dole ne ka danne ba sakewa ai, ka yi uku-uku ka ɗaga yatsa. Shi ma MA yana da maɓallin ɗauka a tsaye. Sai dai ƙara kam, a masallaci ko coci kowa sai ya waiwayo.

Baba Mai Hoto:
Oga Nikon ba ka yi ƙarya ba, amma kyamarar nan ta 1981 ce, ta haura shekara 40. Ɗana, ka danna ka saurara, in kana jin wani ƙiiii kamar tari lokacin da madubin cikin kyamarar ke ɗagawa, man cikinta ne ya bushe, ciwon kyamarorin Canon 'yan gidan A ke nan, to kar ka ɗora mata komai sai mai gyara ya sa mata mai. Kuma ko da winda sai da ƙaramin batir ɗinta na 6V, 4LR44, in babu shi ko motsi ba za ta yi ba. Sanyin Jos na Disamba yana kashe batir da wuri, ka sa na canji a aljihun ciki. In fim ya ƙare za ka ga jar wuta, kashe windan ka naɗe da hannu, ba ya mayarwa da kansa.

Ɗan Gangare:
Kai Baba, yanzu na gwada, tana tarin nan wallahi, ni na ɗauka haka kukanta yake. Bari in fara kai ta gyara. Na yi wa mutumin magana ya turo bidiyon A2 ɗin, ya ce sai an kawo wuta ya yi caji. Sista lemun tsamin zalla kika sa ko kin sirka da ruwa?